Fyaucewa Ko Jimiri? Muhawarar Ƙarshen Zamani Tsakanin Masihiyawan Ƙasar Katsina

Duk wanda ya san majami'un ƙauyukan da ke tsakanin Matazu, Musawa, Malumfashi da Ƙafur har zuwa Funtuwa, ya san cewa a 'yan shekarun nan maganar ƙarshen zamani ba ta barin bakin masu bi. Ana yin ta a taron zumuntar mata, ana yin ta a gidan makoki, ana yin ta a gindin bishiya bayan an tashi daga sujada. Dalilin a fili yake. 'Yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu na nesa. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A Mayu 2022 aka shiga gidan Fada a Gidan Mai Kambu aka tafi da limaman Katolika biyu. A Agusta 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Ga tsadar taki, ga tsadar magani. Mutumin da ya ga wannan duka da idonsa, in ya tambayi fastonsa ko ƙarshen ke nan ya zo, bai yi laifi ba.

Sai dai amsar da zai samu ta danganta da majami'ar da ya shiga. Kiristoci duka sun yarda cewa Yesu Almasihu zai komo, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Wannan yana cikin shaidar bangaskiyar da ake furtawa tun zamanin iyayen ikilisiya na farko. Inda aka rabu shi ne yadda abubuwan za su biyo juna, da kuma yadda za a karanta littafin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna. A ƙasarmu ra'ayi biyu ne suka fi ƙarfi, kuma kowanne yana da hujjojin da suka isa a saurara.

Masu cewa alamu sun cika

Ɓangare na farko shi ne wanda aka fi ji a majami'un ECWA, da na Baftis da yawa, da na 'yan Fentikos. A fahimtarsu, duniya za ta yi ta lalacewa. Wata rana ba zato Ubangiji zai fyauce masu bi, rayayyu da matattu, su tarye shi a sama. Bayan fyaucewa sai shekara bakwai na babban tsanani, lokacin da magabcin Almasihu zai mallaki duniya. Daga nan Yesu zai sauko a bayyane, ya yi mulki na shekara dubu a nan duniya, sannan shari'ar ƙarshe ta zo.

Wannan tsari yana da tarihi. Wani malami daga ƙasar Ayalan, John Nelson Darby, shi ya daidaita shi a shekarun 1830, sannan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da aka buga a 1909 ya baza shi a Amurka da Kanada. Daga irin waɗannan majami'u ne yawancin turawan mishan na SIM suka fito. Ƙungiyar ta faro a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894. Waɗanda suka biyo bayansu sun iso lardin Katsina a shekarun 1930, suka yi aikin kutare a Babbar Ruga, suka zauna a wurare irin su Malumfashi da Matazu, suka shiga ƙauyukan Maguzawa. A 1954 ikilisiyoyin da suka dasa suka zama ECWA. Byang Kato, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA, ya yi karatunsa mai zurfi a makarantar tauhidi ta Dallas, cibiyar wannan koyarwa. Saboda haka mai bisharar da ya fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki ya zo ƙauye da wannan tsari, kakanninmu kuma suka karɓe shi tare da bisharar kanta.

Hujjarsu ta farko ita ce a karanta Nassi yadda yake. Suna cewa annabce-annabcen zuwan Almasihu na farko sun cika ne a zahiri: annabi Mika ya ambaci Baitalami, a Baitalami kuwa aka haife shi. To me zai sa na zuwansa na biyu su zama misali kawai? In sura ta 20 ta Ru'ya ta Yohanna ta maimaita shekara dubu har sau shida, shekara dubu ake nufi. Suna kuma tunasar da mu cewa manyan malaman ƙarni na biyu, irin su Jastin Shahidi da Ireniyus, sun gaskata da mulkin shekara dubu na zahiri.

Hujja ta biyu tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa. Sura ta 4 ta yi maganar ɗauke masu bi su sadu da Ubangiji a sararin sama, sura ta 5 kuma ta nuna cewa Allah bai ƙaddara mutanensa ga fushi ba. Tunda babban tsanani lokacin zubo fushin Allah ne, in ji su, dole a janye ikilisiya kafin ya fara, kamar yadda aka fitar da Lutu kafin wuta ta sauko wa Saduma.

Hujja ta uku ita ce tarihi. Shekaru kusan 1900 Yahudawa ba su da ƙasa ta kansu, sai ga Isra'ila ta kafu a 1948, a 1967 kuma ta karɓe tsohon birnin Urushalima. Masu wannan ra'ayi sun daɗe suna cewa haka za ta faru tun kafin ta faru, don haka suna ganin agogon annabci ya soma bugawa.

Hujja ta huɗu, wadda ta fi taɓa zuciya, ita ce amfanin da koyarwar ta haifar. Matiyu sura ta 24 ta haɗa zuwan ƙarshe da kai bishara ga dukan al'ummai. Wannan ne ya sa mutane suka bar ƙasashensu suka zo suka mutu da zazzaɓi a nan. Shi ne ya sa masu bishara 'yan ƙasa suka ɗauki iyalinsu suka tare a ƙauyukan da babu rijiya, babu hanya. Wanda ya gaskata Ubangiji na iya zuwa yau da dare yakan yi sauri ya biya bashi, ya nemi gafarar ɗan'uwansa. Gwauruwar da aka kashe mata miji a gona kuwa, in aka ce mata saduwa ta kusa, takan sami ƙarfin tashi da safe.

Ƙasar Hausa ma tana da tata shaida cewa jiran komowar Almasihu ƙofa ce ta bishara. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Malam Ibrahim ya yi ta koya wa almajiransa girman Annabi Isa da komowarsa, har aka kashe shi a Kano saboda haka. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi da wasu wurare suna jira. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dakta Walter Miller a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi, daga cikinsu kuma aka sami wasu iyalan da suka zama ginshiƙan Wusasa.

Masu cewa a shirya wa jimiri

Ɓangare na biyu shi ne matsayin ɗarikar Katolika, da na malaman Angilikan da Lutaran da yawa. A ƙasar Malumfashi wannan murya ba baƙuwa ba ce. Limaman Dominikan sun daɗe suna aiki a nan, ga makarantar horar da katakis, a 2023 kuma aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa ɗan ƙasa, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko. A wurin waɗannan, zuwan Yesu na biyu guda ɗaya ne, a fili, kowa zai gani, kuma tashin matattu da shari'a suna tare da shi. Shekara dubu kuwa suna nufin dukan zamanin da ke tsakanin hawan Almasihu sama da komowarsa, wato zamanin da muke ciki. Wanda ya fi kowa kafa wannan fahimta ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430. Luther da Calvin ma a kan wannan turba suka tsaya.

Hujjarsu ta farko tana kan irin littafin da ake karantawa. Ru'ya ta Yohanna cike take da siffofi: dabba mai kai bakwai da ƙaho goma, mace sanye da rana, macijin da ake ɗaurewa da sarƙa. Babu wanda yake jiran ganin dabba mai kai bakwai tana fitowa daga teku. To in dabbar alama ce, sarƙar alama ce, don me adadin da ke cikin sura guda da sarƙar zai zama lissafin kalanda? Suna ƙarawa da cewa an aika littafin ne ga ikilisiyoyi bakwai na gaske a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, mutanen da ke shan wuya a hannun Rum. Saƙon ya zama mai ma'ana a gare su tukuna kafin ya iso gare mu.

Hujja ta biyu ita ce, abubuwa da dama da ke Matiyu 24 sun riga sun faru. Maganar ta taso ne daga tambayar almajirai game da rushewar Haikali, kuma a shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka kewaye Urushalima suka rushe shi. Yaƙi da yunwa da annoba kuwa, Yesu da kansa ya kira su mafarin naƙuda, ya kuma gargaɗi almajiransa kada su firgita. Bitrus, a wa'azinsa na ranar Fentikos, ya riga ya kira zamaninsa kwanakin ƙarshe. Ke nan ikilisiya ta shekara kusan 2000 tana cikin kwanakin ƙarshe.

Hujja ta uku ita ce sabuntar koyarwar fyaucewa kafin tsanani. Ko iyayen ikilisiya da suka yarda da mulkin shekara dubu sun ɗauka masu bi za su fuskanci magabcin Almasihu ido da ido. Raba komowar Yesu gida biyu, ɗaya a ɓoye ɗaya a bayyane, bai zama koyarwar jama'a ba sai a ƙarni na 19. Har ma Rowland Bingham, uban SIM, wanda ya fara da wannan ra'ayi, ya sake nazari ya bar shi, ya bayyana haka a littafin da ya rubuta a kan Bisharar Matiyu a 1937.

Hujja ta huɗu ita ce wadda ta fi shafar mu. Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa za su sha wahala a duniya. Bulus da Barnaba sun koya wa sababbin masu bi cewa ta wahala mai yawa ake shiga Mulkin Allah. To yaya za a ce wa matar da ta kwana a daji da goyo cewa za a ɗauke ta kafin tsanani ya zo? A wurinta tsanani ya riga ya zo. Masu wannan ra'ayi suna tsoron cewa wanda aka yi wa alkawarin tsira daga wuya, in wuyar ta same shi, bangaskiyarsa ce za ta fara karyewa.

Sannan sukan kawo jerin ranakun da aka sa suka wuce. Mabiyan William Miller na Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844. Shaidun Jehobah sun zuba ido ga 1914, daga baya 1975. Harold Camping ya yi shelar 21 ga Mayu 2011. A Satumba 2025 ma an cika wayoyin mutane da wata rana daga Afirka ta Kudu, ta zo ta wuce. Abin bai tsaya ga kunya ba. A Kanungu ta Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mutane suka ƙone a cikin ɗakin sujadar wata ƙungiya mai wa'azin ƙarshen duniya. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. A nan gida, a Yuli 2022, 'yan sanda suka fito da mutum 77, har da yara, daga ƙarƙashin wata majami'a a garin Ondo, inda suka tare suna jiran fyaucewa, wasu sun bar makaranta.

Auna hujjojin

Adalci ya wajaba a nan. Ba daidai ba ne a ɗora wa ECWA ko Baftis laifin masu sa rana, domin koyarwarsu ta tsaya a kan cewa babu wanda ya san ranar ko sa'ar, kamar yadda Matiyu 24 da farkon Ayyukan Manzanni suka nuna. Zargin cewa jiran fyaucewa yana kashe zuciyar aiki ma tarihi bai goyi bayansa duka ba. Mutanen da suka gaskata Yesu na iya zuwa gobe su ne suka wanke gyambon kutare, suka gina asibitin ido na Kano, suka koya wa 'ya'yan Maguzawa karatu da rubutu. Ɗokin ƙarshen zamani kuma ba cutar ɗarika ɗaya ba ce. Waliyyi Vincent Ferrer, wanda cocin Katolika na Malumfashi ke ɗauke da sunansa, ya zaga Turai yana wa'azin cewa shari'a ta yi kusa ƙwarai, har ya gaskata an riga an haifi magabcin Almasihu. Ya rasu a 1419. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke jiran saukowar Annabi Isa da bayyanar Dujal, sun san irin wannan a tarihinsu: a 1903, da Turawa suka ci ƙasa, jama'a masu yawa sun bar gidaje da gonaki suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, suna ganin zamani ya ƙare.

Ɓangare na biyu kuma yana da nasa rauni. In aka ce komai alama ne, akwai haɗarin a wayi gari ba a jiran komai. Akwai majami'un da za ka shekara ba ka ji wa'azi a kan komowar Ubangiji ba, sai maganar gini da baiko. Wasiƙar Bitrus ta biyu ta yi kashedi da masu ba'a da za su ce tun zamanin kakanni komai yana nan yadda yake. Ikilisiyar da ta daina ɗaga kai sama takan saba da zalunci, ta zauna lafiya da shi.

Duk da haka, in an ɗora hujjojin a kan ma'auni, ina ganin na masu cewa a shirya wa jimiri sun fi nauyi a wurare biyu. Na ɗaya, babu aya guda da ta faɗa a sarari cewa Yesu zai komo sau biyu da tazarar shekara bakwai a tsakani. Ana samun wannan ne ta harhaɗa Daniyel 9 da Tasalonikawa da Ru'ya ta Yohanna, kuma masu tsoron Allah da ilimi sun harhaɗa su ta hanyoyi dabam-dabam. Abin da aka gina ta haka ana iya riƙe shi a matsayin fahimta, amma bai kai a mai da shi ma'aunin wanda yake Kirista na gaske ba. Na biyu, al'adar karanta annabci daga labaran rediyo da waya ta yi mana ɓarna a zahiri. An ce lambar BVN ce alamar dabba, aka koma kan lambar katin ɗan ƙasa, aka koma kan rigakafin korona, aka koma kan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Kowane karo akwai wanda ya ji tsoro ya ja baya, alhali da waɗannan lambobi ake rajistar jarrabawa, da su ake buɗe asusu, da su ake shiga tsarin tallafin noma. Al'ummar da take 'yar tsiraru, wadda tun farko take fama da neman gurbi a makaranta da aikin gwamnati, ba ta da halin ƙara wa kanta wani shinge. A Ru'ya ta Yohanna 13, alamar tana tafe ne da yi wa dabbar sujada. Ba abu ba ne da za a ɗirka wa mutum a layin banki bai sani ba.

A gefe guda kuma, masu jiran fyaucewa sun riƙe wani abu da bai kamata ya suɓuce wa kowa ba, wato zaman shiri da ɗokin ganin Ubangiji. Manzo Yaƙub, a sura ta 5 ta wasiƙarsa, ya kwatanta mai jiran Ubangiji da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Duk ɗan ƙasar Matazu ya san ma'anar wannan. Manomi bai san daren da ruwan shuka zai sauka ba, amma ba ya shakkar zuwansa, don haka tun da bazara yake sharar gona, ya kai taki, ya gyara garma, ya ware iri. Wanda ya ce ya san ranar, ya yi ƙarya. Wanda ya ce ruwan ba zai zo ba, zai kwana da yunwa.

Nassi kansa ya nuna abin da ake so a yi a lokacin jira. Da wasu Tasalonikawa suka ajiye aiki don sun ɗauka ranar ta iso, Bulus ya tsawata musu, ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci. Da annabawan ƙarya suka yi wa bayin da ke Babila alkawarin komawa gida nan da nan, Irmiya ya rubuta musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki. A Matiyu 25 kuma, abin da za a tambaya ranar shari'a shi ne mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗaurarre. Ba a ambaci wanda ya fi iya lissafin makonnin Daniyel ba.

Saboda haka kirana ga fastoci da limamai da katakis da dattawan ikilisiya shi ne, ku koyar da ra'ayin ɗarikarku da gaskiya, amma ku gaya wa jama'a cewa akwai 'yan'uwa masu bi da suke karanta waɗannan surori dabam, kuma ba su fita daga bangaskiya ba. Ku hana mumbari ga duk wanda ya zo da rana ko wata ko shekara, ko da ya ce mafarki ya yi. Ku shirya mutane su iya tsayawa cikin wuya, domin in an ɗauke mu kafin tsanani, shirin bai cuce mu ba, in kuwa an bar mu a ciki, shi zai riƙe mu. Ku kuma, iyaye, kada saƙon waya ya sa ku cire yaro daga makaranta, ko ku sayar da gona, ko ku ƙi magani. Ku yi shuka bana, ku kai 'ya'yanku makaranta, ku taimaki maƙwabcin da ya rasa gida ko wane ne shi, ku zauna da shiri. Ranar tana hannun Allah, aikin yau kuwa yana hannunmu.